Zaren da Muhibba Ba Ta Zaɓa Ba

Duk gidan da aka taɓa yin suna a Dutse Alhaji an san Muhibba mai saƙa. Hula, safa da rigar sanyi ta jarirai duk aikin hannunta ne. Daga Zariya mijinta ya kawo ta, da ya rasu kibiyar saƙa ce ta riƙe gidan. Mace ce mai tsirfa: wai zaren kasuwa ƙaiƙayi yake sa wa jariri, ita sai na Turkiyya. A waya take zaɓa, ta yi ta buɗa hoto da yatsu tana tambayar ulu ne zalla ko an surka shi da roba, sai ka ce mai zaɓen suruki. In ta gama, Saleh, wani Bakatsine mai shigo da kaya, ya haɗa da nasa, ta je sitonsa a Idu ta karɓa.

Fari ne kawai ba ta oda, don jarirai ba sa barinsa da haske. Amma wata shekara ta zaɓi shuɗi saboda cikin wata maƙwabciyarta, aka buɗe kwali sai ga dunƙule fari fat. Ta wanke Saleh tas. Da maƙwabciyar ta haihu, jaririn bai kai suna ba ya koma. Ta ce ajali ne, kuma gaskiyarta. Da abin ya maimaita a kan cikin wata malamar makaranta, sai ta daina faɗa, ta koma buɗe kwali da bisimilla. Ba ta gaya wa kowa ba. Da wane baki za ka faɗa wa mai ciki wannan?

Bana 'yarta ta fari, Yusra, ta dawo gida goyon ciki. Muhibba ta daɗe tana zaɓe kafin ta tsaya a kan zare ruwan ƙwai, ɗan kaɗan, daidai hula da safa. Ranar karɓa, da hantsi, Saleh ya jawo kwali da hannu biyu.

"Hajiya, this time oda babba kika yi fa."

"Ni? Kaɗan na ce."

"To sunanki ne a jiki."

Ta yage kwalin. Fari ne, cike har baki. Ta auna shi da ido, don duk wadda ta tsufa a saƙa ta san zaren da zai rufe babban mutum.

Saleh ya ce, "Mistake ne na company, sai a mayar."

Ta ce, "A mayar wa wa?" Ta sa aka ɗora mata a mota.

Tsoro ya cika ta har gida. Manya biyu ne kaɗai a gidan, ita da Yusra. Ta same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, ƙafafu a kumbure.

"Umma, na baby ne ya iso? Mu gani mana."

"Ba naki ba ne."

Muhibba ta shige ɗaki ta tura ƙofa. Ta ja zaren daga tsakar kanta zuwa tafin ƙafarta ta ƙulla. Yusra ta fi ta tsawo da kusan taƙi, don haka ta sake gwadawa, ta tabbatar ba ta ƙara ko ɗan yatsa ba.

Tun ranar ta daina karɓar aikin kowa. Mayafi take saƙawa irin na rufe gawa, daidai tsawonta ita kanta, tana sauri ta gama kafin naƙuda ta zo. Zaren ya yi mata yawa, sai ta riƙa ninka shi biyu, don kada ko kamu ɗaya ya rage wa wani.