Masu Turin Motata

Ni dai Allah Ya yi ni da ra'ayi. Wasu an ba su gona, wasu jirgin kamun kifi, ni ra'ayi anka ba ni, kuma ban taɓa yin rowarshi ba. Tun ƙasarmu na amsa sunan Dahome, lokacin da akan wayi gari rediyo na kiɗan soja a ce gwamnati ta sake, ba a taɓa kifar da mulki ban ce "ai na faɗa" ba. Wallahi ban faɗa ba, amma wa zai tuna? Aikina cika wa 'yan kasuwa takardun duwan, wato kwastan, a bakin gadar Malanbil kafin su ƙetara Gaya, kuma a rumfar mai shayin wurin ni ke fassara wa mutane labarin Kwatano. Wanda ya hau in yabe shi, in an tuɓe shi in ce tun farko ban ga shugabanci a goshinshi ba. Mushe ake ce mini, wato Malam da Faransanci, saboda na yi aji shida a lakwal, makarantar boko. Na daɗe kafin in gane rabin masu kirana haka tsokana suke yi.

Yayana kuwa, iyakar sanina, ba shi da ra'ayi ko guda. Shi ya noma albasa ya riƙe ni a lakwal bayan rasuwar babanmu, kuma gida ɗaya muke, shi da iyalinshi a gabas, ni da nawa a yamma, akushi ɗaya. Da safe ya hau keke ya nufi gonarshi a hanyar Garu, da yamma ya dawo yana warin albasa har cikin rawani. In na ɗauko zancen siyasa wurin cin tuwo, sai ya ce, "Auta, miya na hucewa."

Da sojan da sunka daɗe bisa mulki sunka zo, anka sake wa ƙasa suna, kowa ya zama kamarad, har tsohuwa mai ƙosai. Sai anka yi shela kowace unguwa za ta zaɓi delege, wato wanda zai riƙa tsaya mata a buro, ofishin gwamnati. Ba takarda, ba akwati. Ɗan takara zai tsaya ya ba jama'a baya, mai sonshi ya yi layi a bayanshi, a ƙirga. Ni da na shekara ina cewa ƙuri'ar akwati ita ce wayewa, ranar nan na bayyana wa 'yan rumfa cewa akwati yaudarar Nasara ce, layi shi ne gaskiya tsirara. Ina cikin bayanin na ji maganata ta burge ni, kafin shayina ya huce na yanke shawarar tsayawa.

Abokin takarata dillalin albasa ne na unguwarmu, aminin yayana tun suna yara. Ba ya jin Faransanci ko na gaisuwa, Dandanci da Hausa kawai, abin hawanshi kuma amalanken jaki. Har tausayinshi na ji. Abin da nike so a lokacin, in faɗi gaskiya, ba hidimar unguwa ba ce. So nike a ƙirga mutane a bayana a gaban kowa, Mushen nan ya tashi daga tsokana ya zama na gaske.

Na ga delege ba ya tafiya a ƙasa, sai na sauka Paraku na sayi mota wurin wani malamin asibiti da anka yi wa canjin gari. 'Yar ƙarama ce ta Faransa, kalar koko. In na zauna hulata na gogar rufi, gwiwoyina na neman haɓata. Abu biyu na gwada kafin in biya: oda da kaset. Injin ko leƙa shi ban yi ba, don ko na leƙa ban san abin da zan gani ba. Mai motar, mutumin kirki, ya ce mini batirin ya ɗan tsufa. Na ce mishi dukanmu mun ɗan tsufa, munka yi dariya, na karɓi makulli.

Kaset ɗin ne ya cinye ni. Lokacin ne kiɗan jita na Kwango ya shigo mana ta hannun direbobin kamyo, manyan motocin kaya, kuma nan da nan na samu ra'ayi a kanshi. Na ce goge da molo da kalangu sun yi zamaninsu, sabuwar ƙasa sai sabon kiɗa. Mai gogen unguwarmu, wanda ya yi wasa a bikin aurena, ya daina amsa gaisuwata, na ce hassada ce. Kalma ɗaya ban ji a waƙoƙin nan ba, amma hakan bai hana ni fassara su ba. Akwai wadda na fi so, nakan rage murya in ce wa mutane, "Kun ji? Cewa yake talakawa su haɗa kai." Sai bayan shekaru wani direba da ya zauna can ya gaya mini mawaƙin roƙon matarshi yake ta dawo, ya yi alkawarin zai daina cin nama shi kaɗai a kasuwa.

Ga yadda na yi yaƙin neman zaɓe. Kullum bayan la'asar in kai mota gindin dogon yaron da ke bakin kasuwa, in buɗe ƙofofi, in kashe inji don kada mai ya ƙone a banza, in saki kiɗa. Mutane su taru, 'yan dako da mahauta da masu jirgi da sunka dawo daga kogi. In waƙa ta ƙare, kafin in juya kaset, in yi musu bayanin halin da ƙasa ke ciki. Dab da magariba in shiga in murɗa makulli, motar ta yi 'yar shessheka ta yi shiru, kiɗa ya shanye batir. Ban ma gama cewa a taimaka ba sai ka ga hannuwa sun sauka a bayanta, ana dariya ana turi har ta yi tari ta tashi.

A nan na yi kuskuren da har yau in na tuna nike rufe fuska. Ina kallonsu ta madubi, fuskoki cike da gilashin baya, gumi na zuba, na ce a raina wanda ya yi maka gumi haka ai layi ba zai gagare shi ba. Na shiga ƙirga su. Na koma gida na ce wa matata, wadda ke jego a lokacin, "Yau mutum goma sha bakwai sunka tsaya bayana."

Ta gyara wa jinjiri kwanciya ta ce, "Maigida, tsayawa sunka yi ko turawa?"

Na ce mata siyasa ba ta mata ba ce, ta ce to.

Saura mako biyu zaɓe, albasa ta nuna. Wata safiya na fito ina goge mota da tsumma, sai ga yayana tsaye riƙe da kekenshi.

"Auta, buhu huɗu sunka rage mini a gona, kamyon kudu kuwa da hantsi zai tashi. Ko za ka ɗauko mini su?"

Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya roƙe ni komi ba, ko allura. Ni kuwa na ninke tsumma na ce, "Yaya, wagga mota ba ta albasa ba ce. Kujerun za su ɗauki wari, kuma ka san mutane na shiga."

Ba mai shiga sai ni. Ya leƙa ya dubi kujerun, ya dube ni, ya ce, "To, gaskiya ne." Ya hau keke ya tafi. Dillalin nan, abokin takarata, shi ya ɗauko buhunan a amalanke, sunka iske kamyon yana shirin tashi. Daga ranar yayana ya riƙa cin tuwonshi a sashenshi, tsakaninmu sai ina kwana da sannu da aiki. Kada ku ɗauka kunya ta kama ni. Haushi ma na ji, na riƙa faɗa wa kaina mutumin nan ko sau ɗaya bai taɓa sa hannu ya tura motata ba, bare ya san darajarta.

Ranar zaɓe da hantsi anka taru a filin lakwal ɗinmu. Na iso da kiɗa, na bar kaset na yi don jama'a su san na zo. Wani ma'aikaci daga buro, da jandarma guda a gefenshi, ya karanta doka: 'yan takara su fuskanci bango, kada wanda ya waiwaya sai an gama ƙirga. Na tsaya hancina kusa da bangon ajin da na koyi abacada, dillali can damana kamar taku goma. Anka ce bisimilla.

Sai ƙafafu. Ƙasa har motsi take. Na ji tarin mahaucin nan mai ƙaton wuya da ke jagorantar turi, na ji muryoyin 'yan dako, duk kamar a ƙeyata. Ban san bango na maido da sauti ba. Ina tsaye ina gyara jawabin godiya, har na yanke zan yabi dillali a ciki don a ga ni ba mai riƙo ba ne. Mai ƙirga ya fara da layinshi. Ya yi ta ƙirga, ya yi ta ƙirga, muryarshi na nisa har ta fita ƙofar lakwal. Na ce ashe unguwarmu da jama'a haka. Sannan na ji takunshi ya dawo, ya tsaya a bayana.

"Ɗaya," in ji shi.

Na jira biyu. Ba ta zo ba. Abin da ya zo iska ce ta bayana, ɗauke da warin albasa. Hancina ya gaya mini ko wane ne tun ban juya ba, kuma da ana iya shigewa bango da na shige.

Yayana ne, ƙafafunshi da laka, ƙafar wandonshi ɗaya a naɗe don sarƙar keke. Daga gona ya zo kai tsaye. Bayanshi fili fetal har katanga.

Ba wanda ya yi mini ihu, wannan ma ya fi zafi. Anka ɗaga hannun dillali, anka yi addu'a, anka fara watsewa. Na ja ƙafa zuwa mota, kaset ya daɗe da yin shiru. Na murɗa makulli, ko shesshekar ba ta yi ba. Sai ga mahauci da mutanenshi suna naɗe hannun riga, fuska sake kamar kullum.

"Mushe, a tura?"

Na ce, "Kai da ka tura ni wata guda cur, yau ina ka tsaya?"

Ya yi mamakin tambayar da gaske. Ya ce, "Haba Mushe, kiɗanka da daɗi, ba mu ƙi ba. Amma in ba mu tura ka ba, ai nan za ka kai isha kana yi mana bayani."

Na ce su bar ta, na gode. Sunka tafi taya dillali murna. Yayana na nan tsaye, ya jingine kekenshi a bango. Na fito na tsaya gabanshi, na kasa haɗa ido da shi.

"Yaya, amininka fa? Shi ya ɗauko maka albasa."

"Shi layinshi ya kai titi, ba zai rasa ni ba. Na gaya mishi tun jiya." Ya kakkaɓe laka daga tafin hannunshi. "Kai kuwa na san za ka waiwaya."

Ni mai bayanin juyin mulki, mai fassara waƙar Kwango, abin da na iya kawai, na zagaya na buɗe mishi ƙofar gaba na ce, "Yaya, shiga. In ta tashi mu tahi gida tare, a ɗauko keken daga baya."

Ya ɗaga hannun rigarshi ya sunsuna. Ba gatse a fuskarshi ko kaɗan, da akwai da na samu sauƙi. Ya ce, "Bari dai, Auta, daga gona nike. Kujerun." Ya zagaya baya ya dafa motar da hannu biyu ya ce in kama sitiyari. Ya tura ni shi kaɗai har gangaren ƙofar lakwal, ina ganinshi a madubi, motar ta yi tari ta tashi.

Washegari na ari sifana wurin mai gyaran keke na kwance kujerar baya, na jingine ta a zaure. Na bi hanyar Garu na kwaso albasar da ta nuna daga baya, kuma na yi ta kwasowa kowace shekara har motar ta mutu ta zama ɗakin kaji. Munka koma akushi ɗaya. Ra'ayi ban daina ba, ƙarya ce in ce na daina, sai dai na koyi barin miya da zafinta. Wari ya kama motar har matata ta ce ko rigunana sun ɗauka. Duk da haka in mun gama lodi na buɗe mishi ƙofa, sai ya ce in wuce yana bayana, ya hau kekenshi. Har Allah Ya karɓi ranshi bai taɓa zama a cikinta ba.