Hannun da Aka Ɗora wa Laifi

A asibitin da ta yi aiki, da wuya ka sami wanda ya san sunanta na yanka. Mai-Tsumma ake ce mata, tun daga masu gadi har manyan likitoci, kuma sunan ya biyo ta gida ya zauna daram. Rabin rayuwarta a ɗakin majinyata ta yi shi, da bokiti, da sandar goge ƙasa, da kwalbar feshin maganin kashe ƙwayoyin cuta maƙale a ƙugu. Ba ta taɓa yi wa kowa allura ba, amma in ka zauna da ita za ta nuna maka cewa yawancin waɗanda aka sallama da ƙafafunsu, tsummanta ne ya sallame su. Dokarta guda ce, ba ta da sassauci: duk abin da ya taɓa ƙasa, sai an fesa an goge.

Da ta yi ritaya ta ajiye aikin, amma ba ta ajiye kwalbar ba. Mariƙin ƙofa, makunnin fitila, rimot ɗin talabijin, babu wanda ya tsira. Baƙo kan ajiye makullinsa a tebur, kafin ya gama gaisuwa ya tarar da shi yana sheƙi yana warin asibiti. Sai kuma wani hali da 'ya'yanta suka tashi suka gani: Umma ba ta kuskure. In kofi ya fashe a hannunta, to wani ne ya ajiye shi a bakin tebur. In abinci ya ƙone, wanda ya yi sallama a ƙofa ne ya ja. Ba mugunta ba ce, matar da ta yi shekaru ana dudduba aikinta ce, ta saba da kare kanta tun kafin a tambaya.

Mijinta direban babbar mota ne, kowa Direba yake ce masa. Yakan ce shi kaɗai ne a gidan ba a taɓa fesawa ba, don ba ya zama wuri ɗaya. Sai ga shi ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da shi. Magana ta dawo, ƙafa ma ta dawo da taimakon sanda, amma hannun dama ya ƙi. Likitar motsa gaɓɓai ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya wurga ta ƙarƙashin gado, ya ce shi da ya riƙe sitiyarin tirela ba za a mai da shi jariri ba.

Babban ɗansu, da ke aiki a wani gari, shi ya san lagon ubansa. Ya aiko masa da 'yar na'urar wasan gem ta hannu, mai gilashi a tsakiya da maɓallai hagu da dama, an sa mata tseren motoci. Da farko Direba ya yi tsaki. Kafin sati ya zagayo ana jin muryarsa daga falo yana yi wa motocin cikin gilashi faɗa, wai wanda ya ba su lasin bai ji tsoron Allah ba. Totur da birki duk a ɓangaren dama suke, don haka babu yadda za a yi sai matattun yatsun nan sun yi aiki. Babban yatsa ya fara motsi, manuni ya bi shi. Likitar ta duba hannun, ta ce, "Baba, ko ma mene ne kake yi, kada ka daina." Shi kuwa "motata" yake kiran abar.

Motar nan ta sha wuya. Hannun da bai gama warkewa ba ya sake ta a kan tayil ba adadi. Jikarsu ta zauna a kanta, motar ta taɓa faɗowa daga kan gado ta gangara har bakin ƙofa, kusurwarta ɗaya ta tsage aka naɗe da salatif. Kowane karo Direba zai ɗauka, ya danna, gilashi ya kawo haske, ya ce, "Kin gani? Irin motocin da ce, ƙarfe zalla." Abu ɗaya ya roƙi matarsa, shi ma cikin raha: "Mai-Tsumma, ki goge ni in kina so, amma ki ƙyale min motata."

Ranar da abin ya faru, da hantsi na'urar ta kuɓuce masa daidai ƙofar banɗaki. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka, ya danna, ta kama, ya ci gaba da tserensa. Mai-Tsumma kuwa tana kallo. Ƙofar banɗaki, sannan da hannun nan zai ci abinci. Da ya kwanta bayan azahar ta ɗauko abar ta kai kicin. Da a ce shafawa kawai ta yi, da ba a ji labarin nan ba. Amma ita ba ta san aikin rabi-rabi ba. Ta ga baƙin datti ya taru a gefen maɓallai, ta fesa, ta bi da tsohon buroshin haƙori. Ta ga ƙananan hudojin da sauti ke fita, ta fesa har sai da ruwan ya dawo fari tas. Ramin caji ma ya sami rabonsa. Ta goge, ta ɗaga ta ga tana walƙiya, ranta ya yi fari. Don ta cika alheri, sai ta jona masa ita a caji.

Da la'asar Direba ya tashi, ya danna, shiru. Ya sake dannawa, ya canja soket, ya jijjiga. Mai-Tsumma tana tsaye da faranti. Ya daɗe yana kallon baƙin gilashin, sannan ya juya ya kalli hannunsa na dama.

"Faɗuwar ɗazu ce," ya ce a hankali. "Hannun banza. Ko abin wasan yara ya kasa riƙewa."

A nan ya kamata ta buɗe baki. Sai tsohon halin ya riga ta. Ta ce, "Bari a kai wa mai gyara, Malam, ƙila batir ne."

Ita kaɗai ta je. Shagon mai gyaran waya ɗan ƙarami ne, cike da gawarwakin wayoyi da warin dalma. Ya kwance bayan na'urar, ya kai hanci, ya ɗago ya dube ta.

"Mama, wa ya yi mata wanka?"

"Faɗuwa ta yi."

"Faɗuwa ba ta kashe irin waɗannan, an yi su ne don hannun yara. Ruwa ne ya shiga, mai sinadari ma, aka kuma ba ta wuta tana jiƙe. Dubi nan, duk ya ƙone."

Ta karɓi abarta ta fito. A gida ta ce mai gyara ya ce ba ta gyaruwa. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma gaskiya ne, shi ya sa ya fi ƙarya ci mata rai.

Ɗansu ya bugo waya ya ce zai aiko da wata. Direba ya ƙi ƙememe, ya ce kada a sake ɓata abu mai kyau a hannun da ya riga ya mutu. Daga nan ya naɗe hannun a cinya kamar ba nasa ba. Ya koma cin abinci da hagu, ya daina faɗa da kowa, falon ya yi tsit. Wani lokaci takan jiyo shi yana zagin hannun ƙasa-ƙasa, ita kuma ta shigo da shayi ta ajiye ta fita da sauri. Ta ƙara ƙaimi wajen goge-goge, har fatar yatsunta ta fara saɓulewa. Kunya take ji, da tsoro, da haushin kanta. Kullum sai ta ce gobe za ta faɗa, goben ta zo ta wuce.

Da suka koma asibiti, likitar ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, fuskarta ta canja. Ta ja Mai-Tsumma gefe ta ce, "Mama, hannun nan baya yake komawa. In ya ci gaba da zama haka, yatsun za su ƙage, kuma ba na jin za su sake buɗewa. Me ya sa ya daina?" Mai-Tsumma ta ce abin wasan ne ya lalace. Yadda ya lalace kuwa, ta haɗiye.

Washegari da safe tana gasa masa hannun a ruwan ɗumi, ta ji ƙananan yatsun biyu sun yi tauri kamar itace a tafinta. Ba ta ɗago ba.

"Malam, ba hannunka ba ne. Ni ce. Da ka kwanta na fesa mata magani, na wanke ta ciki da waje, na sa a caji. Mai gyara ya ce faɗuwa ba ta kashe ta."

Ta jira faɗa, da ma faɗan take so. Direba ya dube ta.

"Kina ji ina tsine wa hannun nan," ya ce, "kina kawo min shayi."

"Ina ji."

"Motar ba komai ba ce, Mai-Tsumma. Amma na ɗauka na gama ne. Duk kwanakin nan na ɗauka na gama."

Ta fashe da kuka, ita da 'ya'yanta ma ba su san kukanta ba. Bai rarrashe ta ba. Ya zare hannunsa daga ruwan, ya goge da kansa, ya ce ta kira yaron nan ya aiko da sabuwar.

Babban yatsa da manuni sun dawo, na tsakiya ma ya ɗan saki. Ƙananan biyun kuwa sun ƙage a lanƙwashe har yau. Likitar ta ce babu mai iya rantsewa cewa da bai tsaya ba za su buɗe, amma wannan magana ba ta taɓa sanyaya wa Mai-Tsumma rai ba. Ita ce ke gasa su kowace safiya, ta san yadda suke a da.

Da ɗansu ya zo hutu, suna zaune a falo yana kallon uban yana tsere, sai ya ce, "Wai Baba, me ya sami ta farkon? An ce min ba sa lalacewa da wuri."

Mai-Tsumma tana bakin ƙofa da tire a hannu. Ta buɗe baki, amma Direba ya riga ta, idonsa a kan gilashi.

"Hannuna ne ya sake ta," ya ce. "Ajiye shayin nan, Mai-Tsumma, zai huce."