Bokitin Tsutsa Daga Nima

Kumasi zuwa Circle

Tun kafin kiran assalatu na bar gida, don masu tasha sun rantse motar Accra ƙarfe biyar take tashi. Sai bakwai saura ta motsa. Ina zaune raina na ɓaci, domin ba yawon buɗe ido ya fito da ni ba. Ƙungiyarmu ta masu lambu a Aboabo ta daɗe tana kwaso ruɓaɓɓen kayan miya daga kasuwa don yin taki. Tarin ya yi wari har mai filin, Alhaji Ɗanjuma, ya ce in ba mu san yadda muka yi da shi kafin Sallah ba, mu tattara mu ba shi wurinsa. Ana cikin haka muka ji labarin wata ƙungiya a unguwar Nima ta Accra mai kiwon tsutsar baƙin ƙuda. Tsutsar ta cinye shara, a ba kaji ita, abin da ta bari ya zama taki. Aka ce ni zan je in karɓo iri, wai na fi kowa haƙuri. Ban san wanda ya yi mini wannan ƙazafi ba.

A Nkawkaw aka tsaya cin abinci, direba ya ɓace kusan awa guda. Da ya dawo na ce, "Direba, yau za mu isa kuwa?" Ya ce, "Massa, Accra ba ta gudu." Daga Nsawam cunkoso ya riƙe mu, sai da azahar ta gota muka shiga tashar Circle a Accra.

Nima da Maamobi

Malam Yakubu, shugaban ƙungiyar, ya tare ni a bakin titi. Na ce mu wuce wurin tsutsa kai tsaye. Ya yi dariya ya ce, "Chale, yanzu ka sauka. Sai ka gaida mutane tukuna." Muka gai da liman, muka leƙa gidan suna, muka tsallaka Maamobi gaisuwar rasuwar mutumin da ban taɓa jin sunansa ba. Ko'ina sai an ajiye mini waakye, shinkafa da waken nan nasu, kuma ƙin ci rashin kunya ne. Cikina ya cika, aikina bai taɓu ba.

La'asar sakaliya muka isa lambun, a bayan wani gida kusa da Kawukudi. Gaskiya na sha mamaki. Latas da alayyafo a tsofaffin tayoyi da buhuna, kaji a gefe, mata suna sauke ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon doya da suka kwaso daga Kasuwar Malam Atta. Ga tsutsa tana motsi cikin manyan robobi, wari kuwa babu. Malam Yakubu ya ɗiba mini a bokiti, ya huda murfin, ya ɗaure da ƙyalle. Ya ce, "Kar ka buɗe a hanya, kar rana ta buge shi."

A gidansu na kwana. Mahaifiyarsa, Mma Asibi, ta kawo mini tuwo da miyar ayoyo, idonta na kan bokitin. Ta ce, "Ɗana, mene ne ciki?" Na ce, "Tsutsa ce, Mma." Ta juya ga ɗanta. "Yakubu, baƙo ya taho tun daga Kumasi, ka ba shi tsutsa? Kana so a zage ni a Zangon Kumasi?" Muka yi ta bayani, ni da shi, har da kaji da taki da Alhaji Ɗanjuma. Ta gama saurare ta ce, "To." Na ɗauka ta gamsu.

Komawa

Da na dawo daga sallar asuba na tarar da bokitin a bakin ƙofa, an sake ɗaure shi tsaf. Ya ɗan ƙara nauyi, na ce a raina sun ci sun ƙoshi. A Circle aka ce sai a bayan mota za a sa shi, inda zafi zai dafa su. Muka yi cacar baki da direba har mutane suka taru, ƙarshe na biya wa bokiti kujera tasa. Na kare shi daga rana da rigata, ina yi masa fifita da kwali. Can bayan Suhum ɗan sanda ya leƙo ya ce me ke ciki. Na ce tsutsa ce, ko in buɗe? Ya ja da baya ya ce mu tafi.

Bayan la'asar na isa lambunmu. 'Yan ƙungiya sun hallara, har Alhaji Ɗanjuma ya zo ganin abin da zai cinye warin. Na yi bismillah na kwance ƙyallen. Busasshen kifi na gani a sama, ƙasansa garin rogo, da kwalbar shito, yajin nan na mutanen Accra. An wanke bokitin tas, ko tsutsa ɗaya babu.

Nan take na kira Malam Yakubu, ya miƙa wa tsohuwar waya. Na ce, "Mma, ina tsutsata?" Ta ce, "Na zuba ma kaji, sun ci paa, ko ɗaya ba su bari ba. Baƙona ba ya tafiya da shara. Ka ba matarka kifin ya yi miya."

Alhaji Ɗanjuma ya sunkuya ya zaɓi kifi mafi girma, ya toshe hanci ya dubi tarin sharar, ya ce, "Sallah dai ba ta da nisa."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa mutanen Nima, karamcinsu ya kusa raba mu da fili. Ranar Alhamis zan sake hawa motar Accra, kuma na riga na faɗa wa Malam Yakubu: a tasha zai kawo mini bokitin, ba zan gai da kowa ba.