Takardun Amanar Bindiga da Na Yaga Ban Karanta Ba

A shekarun da wannan abu ya faru, ina da ɗan ofishin kago a wani lungu na kasuwar Murshid Bazaar a Dubai, ni da wani abokin sana'ata ɗan Kano. Aikinmu karɓar kayan 'yan kasuwa, mu ɗaure, mu auna, mu tura gida. Ban yi arzikin a zo a gani ba, amma ina da suna. Mace za ta sayi takalma da jakunkuna a kasuwar Naif, ta ajiye mini ta hau jirgi hankalinta kwance. Da wannan sunan nake ci nake sha, kuma tsoron kada ya ɓaci ne ya ja ni ga abin da har gobe nake nadama.

Ina da amini da muka tashi gida ɗaya a ƙauyenmu. Mahaifinsa maharbi ne, kuma tun muna ƙanana yake tafiya da mu daji bayan an gama girbi. Aminina shi ke da ido, ni kuwa ɗaukar gora da rataya zabi ne aikina. Har yanzu idan na ji ƙamshin naman da aka gasa da itace, can nake komawa, ƙarƙashin wata ɗorawa, tsohon yana yanka mana hanta yana yi mana dariya. Da muka girma shi ya tafi Amurka karatu, ya zauna can yana aikin asibiti, ya yi aure ya haifi 'ya mace ɗaya. Ni kuma Allah ya kawo ni Dubai. Duk shekara idan zai je gida sai ya yada zango wajena kwana biyu. Mu tafi wani gidan abinci a Al Rigga, mu sa a kawo mana shinkafa da naman rago a faranti ɗaya, mu yi ta hirar mutanen da rabinsu sun riga mu gidan gaskiya.

A zuwansa na ƙarshe na ga ya rame, ya ce aiki ne. Ya ba ni labarin cewa bai bar farauta ba, a can ma yana fita harbin barewa da izinin hukuma. Sai dai ƙarar bindiga ta fara taɓa masa kunne, don haka ya sayi wani ƙarfe da ake ɗaurawa a bakin bindiga ya rage ƙarar. Ya ce a can ba a mallakar wannan ƙarfe sai an yi masa rajista, an cike takardu, an ɗauki hoton yatsu, an jira amincewa. Lauyansa ya ba shi shawarar ya haɗa ƙarfen da bindigoginsa a cikin takardar amana, wadda za ta faɗi wanda zai tsaya a kansu idan shi ba ya nan. Ya ce ba abin da zai zo hannuna, ba abin da zai bar Amurka. So yake kawai sunana ya shiga a matsayin wanda za a tuntuɓa, in ga an bi abin da ya rubuta saboda 'yarsa. Ya miƙo mini ambulan mai kauri, ya ce in karanta a nutse, in na gamsu in sa hannu. Rabin hankalina yana kan wata kwantena da ta makale, na ce masa insha Allahu, na jefa ambulan a jaka.

Sati uku tana kan teburin ofis, ƙarƙashin rasitai. Ran nan na fita awon kaya, abokin sana'ata yana neman wata takarda ya buɗe ta. Ya ga sunana, ya ga jerin bindigogi da lambobinsu. Bai tambaye ni ba, ya tambayi wani, wannan kuma ya gaya wa wani. Kafin Juma'a ta zagayo, zance ya cika Naif cewa ina cusa makamai a kwantenar atamfa. Duk wanda ya san halin da garuruwanmu ke ciki ya san nauyin wannan magana. Wata Hajiya da ta shekara takwas tana ba ni kayanta, wadda 'yan bindiga suka kashe mata ƙane a hanyar ƙauyensu, ta zo da masu dako ta kwashe dilolinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, in gaskiya ne, Allah ya isa. In ƙarya ne, ka yafe mini."

Tsoro ya rufe mini ido. Ina tunanin biza, ina tunanin iyalina, ina ganin kamar kowane mai kaki ni yake nema. Na ɗauki ambulan na yayyaga ta gaba ɗaya ba tare da na zaro ko shafi guda ba, na zuba a shara. Sannan na kira aminina na zazzaga masa maganganu. Na ce ya je ƙasar Turawa ya manta yadda ake zama da mutane, na ce ya kusa rusa mini abin da na shekara goma sha biyar ina ginawa saboda wasan farautarsa. Sai ya ce, "Ɗan'uwa, ka karanta duk abin da ke ciki?" Girman kai ya sa na ce na karanta, kuma ba ruwana. Ya ce to, Allah ya ba mu haƙuri.

Yagawar nan ba ta amfane ni da komai ba. Da dattawan 'yan kasuwa suka zaunar da ni suka ce in kawo takardun a ba wanda ya iya Turancin lauyoyi ya duba, ba ni da abin nunawa. Rantsuwa ce kawai ta fisshe ni, da kuma lokaci. Ba hukumar da ta taɓa nemana. Bayan wata biyar zancen ya mutu, har Hajiyar nan ta dawo da kayanta. Amma ni ban koma wa aminina ba. Yana turo gaisuwar Sallah, ina amsawa da kalma biyu. Sau ɗaya ya kira ni daga filin jirgi, ya ce yana da awa shida kafin ya wuce, na ce ina lodi. Tafiyar minti ashirin ce a jirgin ƙasa tsakaninmu.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka matarsa ta kira ni ta ce ya rasu. Ciwon hanta ne, kuma tun kafin ya zo wajena likitoci suka gaya masa. Ta ce bakinsa ya kasa faɗa mini ido da ido, shi ya sa ya rubuta mini wasiƙa da hannunsa, da Hausa, ya sa a tsakiyar takardun. A ciki ya gaya mini ciwon, ya roƙe ni in riƙe 'yarsa da zumunci, in kai ta ƙauye ta ga kabarin kakanta. Wato ya bar duniya yana zaton na san yana mutuwa, na kuma ce ba ruwana. Ta ce duk da haka bai taɓa zagina ba, cewa yake tsoro ne ya kama ni.

Bara na kai yarinyar ƙauye, ita da mahaifiyarta. Na sauke wannan nauyin, amma mai shi bai gani ba.

Ban ce kowa ya sa hannu a takardar da ta shafi makami ba. Da na karanta, na kai wa masani, na ce masa ba zan iya ba, da hakkina ne, kuma na san zai fahimta. Laifina shi ne na yanke wa mutum hukunci a kan abin da ban duba ba, na kuma yi masa ƙarya don kada in ji kunya. Ina roƙon mai karatu, idan wani naka ya ba ka takarda ya ce ka karanta a nutse, ka karanta a ranar. Idan kuma kun saɓa, ya kira ka, ka bar abin da kake yi ka je. Ni a lokacin ina tsammanin akwai baɗi.