Jarkar Da Malam Ya Wanke Sau Bakwai

Asabar: Tashi Daga Birnin Kudu

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gida, Ummi a goye, buhu a ka. Ummi 'yata ce, shekararta biyu, sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ba a kiran sunanta na yanka a gidanmu. A cikin buhun kuwa sababbin robobi ne: fararen jarkoki biyu da robobi huɗu masu murfi. Maigidana ya rako ni har bakin titi yana maimaita mini magana ɗaya sai ka ce 'yar aji ɗaya: "Kada ki dawo ki bar jarkar nan a ɗakin Inna."

Shi malamin gona ne. Da muka je Fagam gaisuwar Salla ya ga Inna tana tsiyayo man gyada daga wata shuɗiyar jarka, nan take ya gane ta maganin feshin wake ce. A hanyar dawowa ya faɗa mini cewa maganin yakan shige jikin robar, mai kuma ya riƙa jawo shi kaɗan-kaɗan, babu wankin da ke fitar da shi. Kunyar suruka ta hana shi magana, ni kuma na yi sakaci. Sai ga saƙo daga yayana Sale cewa Inna ta yi wata biyu tana fama da ciwon ciki da jiri. Ban sani ba ko jarkar ce, amma hankalina ya tashi, na kuma ji haushin kaina.

Robobin a kasuwa na saye su, wajen wani Alhaji mai saro kaya daga Kano. Shi ya kifa guda ya nuna mini wata 'yar alama a gindinta, kofi da cokali mai yatsu. Ya ce, "Malama, duk wadda kika ga wannan a jikinta, don abinci aka yi ta. Wadda ba ki san me ta taɓa ɗauka ba kuwa, ko kyauta aka ba ki, ki ce kin gode."

Bas ta cika ƙarfe bakwai saura kwata, naira hamsin zuwa Gwaram. Direban, Malam Idi, ya ɗaga buhuna ya ji shi sakayau, ya ce, "Malama, iska za ki kai Gwaram?" Na ce masa ai mutanen Gwaram sun ce tasu ta ƙare. Motarsa har lokacin lambar Kano ce a jikinta. Ya ce sai ya ga sabuwar jiharmu da aka cire daga Kano ta yi haƙora tukuna zai canja.

Kan Hanyar Gwaram

Kaka ce, gonaki duk an kwantar da dawa, mata na tsintar wake. Mun baro duwatsun garinmu a baya, muka tarar da shingen 'yan sanda wajen ƙarfe bakwai da rabi. Wani kurtu ya leƙa buhuna ya ce, "Kayan ɗaki ne, Hajiya?" Na ce na tsohuwa ne. Ya ce to Allah Ya ba ta lafiyar mora. Wannan addu'a ta baƙo ta shige ni, don ita nake bukata.

Bayan shingen na fara lura da abin da ban taɓa kulawa da shi ba. Wani manomi a kan keke, jarkar maganin ciyawa rataye a ƙaho, da alama kununsa ne a ciki. Wata mai sayar da man gyada a bakin hanya, tata ma irin ta Inna ce. Idona ya buɗe, sai na ga abin ko'ina.

Kimanin kilomita hamsin ne, amma da sauke wannan da ɗaukar wancan sai tara saura muka shiga Gwaram. Na sayi waina da miya a tasha, Ummi ta cinye tsakiyar ta bar mini gefe. Muka jira akori-kurar Fagam har sha ɗaya. Direban ya ga goyo ya ba ni gaba, Allah Ya saka masa.

Fagam

Ana kiran azahar muka sauka. Na tarar da Inna a zaune a kan tabarma a inuwar rumbu, tana ɓarar gyada. Ta rame, zanin ma ya yi mata yawa. Ni ko kallona ba ta yi ba, ta miƙa hannu ta ce, "Sauko mini da takwarata, ke kya ji da kanki."

Sai bayan la'asar na zazzage buhun a gabanta. Ta ɗauki robobin ɗaya bayan ɗaya, ta ƙwanƙwasa, ta yaba murfin. Na nuna mata alamar, ta ce cokalin Turawa ne. Da na kawo maganar shuɗiyar jarka kuwa, fuskarta ta canja.

"Jarkar Malam?"

Malam shi ne mahaifinmu, shekara uku ke nan da rasuwarsa. Shi ya kawo mata jarkar, shi ya tufka igiyar rama ya ɗaura a hannun jarkar don ta riƙa ratayewa.

"Da hannunsa ya wanke ta," in ji Inna. "Sau bakwai, ina tsaye ina ƙirgawa, har da ƙasa da toka. Ƙwaryar da kare ya sa baki ma in an yi mata wanki bakwai ta tsarkaka. Ke za ki koya wa Malam tsarki?"

Na zo da shirin gardama kan roba, ashe a wajen Inna maganar ba ta roba ba ce. In na ce jarkar ba ta da kyau, na ce ke nan Malam bai iya wanki ba, bai kuma san littafi ba.

Na ce, "Inna, jarkar nan tana da tsarki, Malam bai yi kuskure ba. Ko a kan sallaya kika ajiye ta babu laifi. Amma tsarki daban, guba daban. Wannan maganin ba a bayan robar yake ba, cikin jikinta ya shiga, kamar yadda baban rini ke shiga zane."

"Boko," ta ce, ta ci gaba da ɓarar gyadarta.

Yaya Sale yana tsaye a bakin zaure, ya ɗaga mini kafaɗa. Shi ma ya gwada, an kore shi.

Lahadi

Da hantsi aka ɗumama tuwo. Inna ta sa Ummi a cinya, ta gutsuro mata a ƙaramin akushi. Ni kuwa na yi abin da har yau ba na alfahari da shi. Na shiga ɗaki na sauko da jarkar daga ƙusa, na dire ta a gaban Inna, na buɗe murfin.

Na ce, "Ga mai, Inna. Zuba wa takwararki."

Ta ɗauka. Ta karkata ta a kan akushin, har man ya zo baki. Hannuna a shirye in fizge akushin. Ummi ta buɗe baki tana jira. Inna ta dubi yarinyar, ta dubi man, ta daɗe a haka. Daga nan ta mayar da jarkar ta tsayar, ta ture ta gefe.

"Ɗauko mini man shanu a ƙoƙo," ta ce a hankali. Da na kawo, ba ta ɗago ba ta ce, "Ba ki da kirki." Na ce na sani. Hawaye ya zubo mini, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Sai da Ummi ta ƙoshi Inna ta sake magana. "Da Malam ya sani, da bai kawo mini ba." Na ce wallahi da bai kawo ba. Ta ce, "To, shi ke nan."

Zubar da man ne ta ce ba za ta iya gani ba. Yaya Sale ya ce a ba shi, ƙafafun amalankensa sun daɗe suna kuka. Da ya juye, ya sa ƙusa a wuta zai huda jarkar kamar yadda maigidana ya ce, don kada wani ya tsince ta ya zuba ruwa. Inna ta ce ya dakata. Ta zauna ta kwance igiyar da farce, ƙulli bayan ƙulli, ba ta yarda an sa wuƙa ba. Sannan ta miƙa masa jarkar ta shige ɗaki. Ya huda ta, ya kai bayan gari ya binne.

Da yamma maƙwabta suka taya mu matsar sabon mai. Na wanke robobin da sabulu, na kife su suka bushe sarai. Aka zuba mai a farar jarka, ƙuli-ƙuli da kuka da daddawa kowanne da robarsa. Na ce kada ta zuba mai da zafinsa, kada kuma ta bar su a rana. Ta ce, "Ji yarinya, ni za ki koya wa ajiya?" Na ji daɗin faɗan nan ƙwarai, don muryarta ta dawo. Na kuma sa Yaya Sale ya yi mini alkawarin kai ta asibiti a Gwaram ranar Talata.

Litinin: Komawa Gida

Ƙarfe bakwai muka hau akori-kura. Inna ta rako mu zaure, ta cusa mini buhuna a ɗaure, ta ce wanda ya kawo mazubi ba ya komawa hannu wofi. Ta shafa kan Ummi, ni kuma ta ce in gaida malamin gona, in ce masa surukarsa ta ji saƙon da ya kasa faɗa.

Mun iso Gwaram tara da kwata, na sake dacewa da Malam Idi. Ya ɗaga buhun ya ce, "A'a, iskar Fagam nauyi gare ta." Sha biyu da rabi muna Birnin Kudu.

A tsakar gida na kwance buhun. Ɗaya daga cikin fararen jarkokin ce, cike da sabon mai. A hannunta kuwa ga igiyar rama, siririya, ba kamar yadda na san ta ba. Sai da na duba da kyau na gane: Inna ta warware tufkar Malam gida biyu, ta riƙe ɗaya ta ɗaura mini ɗaya. Maigidana ya tambaye ni ko lafiya, na miƙa masa jarkar kawai.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Yaya Sale, da direbobin da suka ɗauke mu, da kurtun da ya yi wa tsohuwar da bai sani ba addu'a. Man ya ƙare tun tuni, amma jarkar tana nan rataye a ɗakin girkina, da igiyar Malam.