Mayafin Yaya Hansai

Ranar wata Laraba ce da hantsi, tsakiyar bazara, saura kwana goma sha biyu a ɗaura auren Yaya Hansai, ni kuwa ina da shekara goma ko kusa da haka. Muna zaune a gindin tsamiyar da ke tsakar gidanmu, awaki sun kwanta suna haki don zafi, ita tana haɗa ƙyalle na ƙarshe na mayafin da za ta lulluɓa da shi ranar da za a kai ta ɗakin miji. Da ta gama sai ta ciji zaren, ta soke allurar a kitsonta, ta ce in kama mata gefe ɗaya mu miƙe shi. Fari ne tas, ba a kai shi marina ba tukuna, yana ƙanshin sabuwar auduga. Ni ce na ce ta gwada. Ta ce a'a, sai an rina. Na yi ta naci, ina cewa ango zai ga gajeren mayafi ya yi dariya, har ta duba ƙofar ɗakin Iya, kakarmu, ta ga asabari a sake, sai ta yafa shi tun daga kai har ƙafa, ta sunkuyar da kai irin na amare. Ni kuma na toshe hanci na rangaɗa guɗa. Guɗar ce ta fito da Iya. Ban taɓa ganin tsohuwar nan ta yi sauri irin na ranar ba. Ta fizge mayafin daga kan Yaya, ta yi salati, ta ce, "Mai rai ba ya lulluɓa da farin saƙi." Sannan ta juyo ta dube ni, ba ta dake ni ba, kuma da ta dake ni da ya fi mini sauƙi.

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, jikata Rabi ce ke rubuta wannan ina faɗa mata. Amma mayafin nan na san shi zare-zare, domin tun daga kaka har bazara muna kansa. A ƙauyenmu, nan arewa da Ɗambatta, gida na jikin gida ne, gona na jikin gona, abin da aka yi a wannan danga da safe an ji shi a waccan kafin azahar. Matan gidanmu kuwa da kaɗi aka san su, kuma abin kunya ne a ce 'yar gidan masu kaɗi ta fita da mayafin kanti ranar aurenta. Audugar daga gayaunar Sule ta fito, shi ne wanda za ta aura, suna son juna tun suna haɗuwa a dandali. Da kaka ya kawo ta cikin buhu a kan jaki, ya ajiye a zaure, ya ce wai ta Iya ce, kowa kuwa ya san ta wa ce. Ni nake tsince ƙazantar cikinta, Yaya ta gurje ta a kan dutse ta fitar da angurya, ta shiɓe ta har ta yi laushi. Kullum in an gama surfe da daka, an ɗebo ruwa, an ba dabbobi harawa, sai ta ɗauko mazari da alli ta zauna. 'Yan uwana yara na kirana gaɗa a waje, ko carafke a ƙofar gida, ni kuma ina zaune ina kallon yatsunta, domin ta yi mini alkawari in ta gama nata za ta fara mini nawa. Zarenta siriri ne har masaƙin unguwarmu ya ce bai taɓa ɗora irinsa ba. Ya saƙa mata ƙyallaye masu faɗin tafin hannu, ta haɗa su ɗaya bayan ɗaya, ta bi bakin da jan zare, ta yi masa geza.

Kayan kitson ma ita ta haɗa abinta. Doka za a yi mata, sai ta ɗinka ɗan matashin tsumma da za a ɗora gashin a kai don ya tashi. Ta tara wuri da aninai masu huji da jajayen duwatsun tsakiya guda bakwai da Iya ta cire mata daga nata na da. Aikina shi ne goge aninan da toka da jiƙaƙƙiyar tsamiya har sai na ga idona a ciki. In na kawo ta duba ta ce, "Wannan ko akuya ba za ta sa ba, koma," in koma ina ƙunƙuni. Ta murza zare mai ƙarfi ta shirya su jeri biyu, wuri biyu anini ɗaya, wuri biyu tsakiya ɗaya, yadda za su sauko ta gefen kunne su riƙa kaɗawa in tana tafiya. A kaina take gwadawa. Sai in yi ta girgiza kai ina zaga tsakar gida, ita tana dariya tana cewa amaryar gwaggon biri ta fito. Ta zuba su a ɗan ƙoƙo ta rufe da faifai. Abu ɗaya ya rage, Baba ya kai mayafin marina ranar kasuwa, a tsoma shi a ruwan shuni har ya yi baƙi, a buge shi ya yi sheƙi.

Shekarar kuwa sanƙarau ya shigo unguwar. Kafin ranar Larabar nan an riga an fitar da mutum uku daga gidajen da ke kusa da mu, biyu yara. An hana mu zuwa dandali, amma rijiya ɗaya muke ɗiba da kowa, kuma ba wanda ya san ta inda ciwon ke bi. Ranar Juma'a da yamma Yaya ta ajiye taɓarya ta ce kanta na sarawa. Washegari wuyanta ya ƙi lanƙwasuwa, ta ce a rufe ƙofa, hasken rana na sukar idonta. Aka kira wanzami, aka karɓo rubutu, Iya ta yi hayaƙi har ɗakin ya turnuƙe. Asibiti na da nisa, kuma a lokacin mutanenmu ba su saba kai mara lafiya can ba. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, ba wanda ya tuna da marina. Ni na tuna. Ina zaune a bakin ƙofar ina jin nishinta, maganar Iya na yi mini yawo a kai, ina cewa a raina ni na jawo, ni na sa ta ta lulluɓa. Da ta ɗan farfaɗo da azahar ta kira ni, ta ce in kula mata da mayafin kada gara ta taɓa shi, in ta tashi mu raka Baba marina tare.

Sai na yi dabara irin ta yaro. Na ce in dai farin saƙin nan ne ya kira mutuwa, to in ta zo ba ta same shi a ɗakin ba, dole ta koma. A gidanmu ni ake zurawa cikin rumbu in miƙo damin gero, don ni ce ƙarama. Da Inna, mahaifiyarmu, ta ce in hau in ciro na tuwon dare, sai na naɗe mayafin a cikina ƙarƙashin zane, na hau tsani, na shiga, na tura shi can ƙasan dammuna na danne. Na fito raina a sake, har na ci tuwo da yawa ranar.

Ranar Talata, rana ta ɗan ɗaga, Yaya Hansai ta cika. Abin da na fi tunawa shi ne shirun da ya biyo baya, da yadda Iya ta fito ta kife turmi. Maza suka tafi haƙa kabari, mata suka ɗora ruwan wanka, sai maganar likkafani ta taso. Baba ya kawo farin rawaninsa, aka sami wani ɗan farin ƙyalle wurin maƙwabta, amma babban da za a naɗe ta da shi babu, domin gidajen da ke ajiye fari duk sun yi amfani da nasu a makon. In an ce a je Ɗambatta a sayo alawayyo, mai jaki ba zai dawo ba sai rana ta faɗi, zafin nan kuwa ba ya barin gawa ta jira. Iya ce ta ce a ɗauko mayafin. Aka buɗe kwallar da yake ciki, babu. Aka ɗaga tabarmi, aka zazzage tukwane, aka leƙa bayan gado. Iya ta tambaye ni na ce ban gani ba. Baba ya shigo daga zaure ya tambaye ni, na rantse. Masu haƙa suka aiko cewa sun gama, liman yana zaune a ƙofar gida da jama'a cikin rana, ni kuwa na maƙale a bayan rumbun. Har a lokacin ina ganin in ba a sami mayafin ba, ba za a iya fita da ita ba, in ba a fita da ita ba wataƙila ta tashi. Kuma ta ce in kula mata da shi.

Yaya Hansai 'yar fari ce, saboda haka Inna ba ta taɓa faɗin sunanta ba. "Yarinyar nan" take cewa, ko ta ce "ke". Ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta yabon kaɗinta, kuma tun da ciwon ya fara ba ta zubar da hawaye inda za a gani ba. Ita ce ta zagayo bayan rumbun ta same ni. Ta durƙusa har fuskarta ta zo daidai da tawa, ta ga ƙaiƙayi a zanena tun na shekaranjiya, ta ɗaga kai ta dubi bakin rumbun. A hankali ta yi maganar, yadda ba mai ji sai ni.

"Ladi, Hansai na kwance ba sutura. Hansai tawa. So kike a kai ta a tabarma?"

Ranar na fara jin sunan a bakinta, ban kuma sake ji ba har ta koma ga Allah. Na hau tsanin ina kuka, na shiga na ciro shi. Ya ɗebi ƙaiƙayi da ƙurar gero, Inna ta karɓa ta kakkaɓe da hannunta. Iya ta zauna da aska ta bi jan zaren nan na baki tana tsinkewa, ta yanke gezar, domin ba a kai mamaci da ado. Aikin da Yaya ta yi kwana da kwanaki tana yi, kafin ruwan wanka ya huce an warware shi. Daga baya na ji ana cewa Sule na cikin masu ɗaukar makara, kuma da aka zo sa ta a kabari ya ga saƙin ya gane audugarsa, sai ya saki ya koma gefe ya zauna a ƙasa. Bayan damina ya bar garin, aka ce ya yi kudu. Gayaunar tasa ƙaninsa ya riƙa shuka gyaɗa a ciki.

Ba wanda ya taɓa yi mini maganar a gidan. Iya ba ta taɓa ce mini "Ai na faɗa" ba, har ta rasu. Ɗan ƙoƙon kayan kitson ya zauna a inda Yaya ta bar shi, sai da aurena ya zo bayan shekaru Inna ta ɗauko shi ta miƙa wa makitsiya. Da su aka kai ni, suna kaɗawa a gefen kunnena, ina kuka ƙarƙashin lulluɓi, mata na cewa amarya na kukan rabuwa da gida. Mayafina na kanti ne. Na ƙi taɓa mazari tun daga waccan shekarar, kuma ni ce 'yar gidanmu ta farko da ta fita da abin da ba ta kaɗa ba. Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, shi kaɗai na gaya wa, bayan mun haifi uku. Ya ce camfi ne, ajali ba ya bin ƙyalle, in nemi gafarar Allah in bar zargin kaina. Na san gaskiya ya faɗa. Amma duk shekara in bazara ta yi zafi sai in sake tambayarsa, shi kuma ya sake ba ni amsar, bai taɓa gajiya ba. Bara ya rasu. Likkafaninsa a babur aka je aka sayo shi, kafin in gama salati an yanka an kawo. Bana zafi ya zo, ba wanda zan tambaya.

Yanzu Rabi ce za ta yi aure bayan Sallah. Ta nuna mini mayafinta a waya, daga Kano za a kawo shi, shara-shara mai duwatsu masu walƙiya, kuma fari ne, ta ce haka ake yayi. Na tuna maganar Iya, amma na sa mata albarka kawai. Ba mai kaɗi a unguwar nan yau, ramukan marina sun cike da shara, inda tsamiyarmu take an yi ɗakin bulo. In sanƙarau ya ɓullo ana zuwa a yi wa yara allura, na gode wa Allah da na ga wannan da idona. Ɗan ƙoƙon yana nan a ƙasan akwatina, zaren da Yaya ta murza bai tsinke ba. Jiya na fito da shi na ce Rabi ta samo mini toka da tsamiya. Ta ce, "Kaka, ai an daina sa waɗannan." Na ce na sani, ba don ta sa ba ne. Na zauna ina goge aninan ɗaya bayan ɗaya, idona bai ƙara ganin kansa a ciki ba, hannuna ne kawai ya tuna. Yaya ta ce in ta gama nata za ta fara mini nawa, ga shi na tsufa ina jira.