Bakwai a Dama, Biyar a Hagu

Ranar Laraba, sha tara ga watan Fabrairu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran yayata a asibiti, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Shi ya ba mu ita, shi ya karɓi abinsa, kuma dukkanmu can muka nufa. Ta bar miji da 'ya'ya uku, ta bar mahaifiyarmu, ta bar ni da ofis mai tebur biyu wanda har yau ban iya zama a cikinsa na awa ɗaya cur ba.

Yaya, shekara tara muka yi muna haɗa wa mutane shafukan intanet. Ni ne mai zane, mai tsara fuskar shafi da launinsa da hotunansa. Ke ce mai ginin ciki, inda ake adana bayanai, wanda ba a gani amma in ya lalace komai ya tsaya. Sai dai masu kawo mana aiki ba da wannan suka san ki ba. Sun san ki da farar takarda da rula. Duk wanda ya zo, kafin a kunna kwamfuta sai kin ja layi a tsakiyar takarda. A dama ki rubuta abin da za mu yi, a hagu ki rubuta abin da ba za mu yi ba. Sannan ki miƙa wa mai aikin ki ce ya karanta na hagun da bakinsa, da ƙarfi, kafin ya sa hannu. Shi ya sa suka laƙaba miki Mai Layi, ba ki kuma taɓa nuna ya dame ki ba.

Ni kam abin yana ba ni kunya a farko. Halina ne cewa "an gama" tun mutum bai rufe baki ba. Akwai wani mai kantin magani da ya zo yana son shafin da zai sayar da magani, ya ba da shawara, ya tuna wa marar lafiya lokacin sha, har ya gaishe shi da jiki. Ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Kika bar shi ya gama, kika ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai asibiti kake son ginawa. Mu fara da kantin tukuna." Ya karanta na hagunsa yana ɓata rai. Bayan wata biyu ya dawo da abin da ya kira ɗan ƙaramin ƙari, kika jawo takardar daga aljihun tebur kika ajiye gabansa. Ya kalle ta, ya yi dariya, ya ce a yi masa sabuwa.

Masu cewa kina da tauri ba su ga ranar tsohon telan nan ba. Ɗansa ne ya turo shi, wai kowa yana da shafi. Awa biyu kika yi kina sauraronsa, kika sa na kawo masa ruwa. A ƙarshe kika ce, "Baba, ba ka bukatar shafi. Masu ɗinkinka sun san ƙofarka." Kika karɓi wayarsa, kika koya masa yadda zai ɗauki hoton ɗinki ya tura wa mai kaya, kika raka shi har bakin titi. Ya zo gaisuwar ta'aziyya shekaranjiya, da sandarsa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne aikinmu na ƙarshe, da abin da na faɗa miki a kansa.

A watan Janairu shugabar wata makarantar kurame ta zo mana da aikin da ban taɓa ganin mai kyaunsa ba. Abu goma sha biyu take so, ciki har da bayanin makaranta, hotuna, yadda ake neman gurbi, da kuma manyan, wato wurin da iyaye za su duba sakamakon 'ya'yansu da ma'ajiyar darussan bidiyo da yaren hannu. Tun tana magana nake zana shafin a raina. Kika ja layinki, kika sa bakwai a dama, biyar a hagu. Manyan duk suka faɗa hagu. Shugabar ta karanta su, muryarta ta yi sanyi, ta sa hannu a kan cewa za mu miƙa aiki ƙarshen Maris.

Tana fita na rufe ki da faɗa. Na ce mun yi abin da ya fi wannan wuya. Na ce yaran nan sun cancanci aikin gaba ɗaya. Sannan na faɗi maganar da nake nadamarta har yau: "Yaya, tsoro ne ya kama ki, kin gaji da aiki kina fakewa da rula."

Ba ki ɗaga murya ba. Kika ce, "Ƙanena, bakwai da aka gama sun fi wa yaran amfani da sha biyu da aka bari a hanya."

Mako uku na yi ina kumbure-kumbure. In kin gaishe ni in amsa a taƙaice. Na ga kin rame, na ga kina dafa tebur kafin ki miƙe, na ce a raina gajiya ce. Ko da aka kwantar da ke, na riƙa zuwa kullum, amma girman kai ya sa nake kawo miki labarin launi da hotuna maimakon kalma ɗaya da ta kamata. Ina cewa sai kin fito.

Bayan an kai ki makwanci, mijinki ya ja ni gefe. Ya ce kwana biyu kafin zuwan shugabar likita ya gaya miki gaskiyar ciwon. Na ce me ya sa ba a faɗa mini ba? Ya ce, "Ita ta hana. Ta ce in ka sani za ka ce ka ɗauki duka sha biyun don ka faranta mata, ka zo ka kasa, makarantar ta rasa shafi, kai kuma sunanka ya ɓaci."

Na je ofis na ɗauko takardar. Na bi na daman ɗaya bayan ɗaya. Babu ko guda a cikin bakwai ɗin da yake bukatar hannunki. Duk aikina ne, irin wanda zan iya ni kaɗai. Biyar ɗin hagu kuwa duk naki ne. A gaban idona kika auna aikin daidai ƙarfin ƙanenki, ni kuma na kira shi tsoro. Na zauna a kujerarki na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Shugabar ta zo gaisuwa jiya. Ta ce kada in damu da ranar da aka sa, in ma ba zan iya ba ta yafe. Na gode mata, na ce ranar tana nan. Uku sun kammalu, saura huɗu.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa ciwon da kika ɓoye ya zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarmu, da mijinki da ya riƙe miki amana, da 'ya'yanki uku, Allah ya ba su haƙuri ya raya su a kan gaskiya irin taki. Ni kuma na makara da roƙon da ya kamata in yi a bakin gadonki, don haka nake yin sa a gaban jama'a: ki yafe mini. Allah ya isar miki da shi, ya kuma haɗa mu a Aljanna. Amin.